Haƙƙin Talaka a Sararin Samaniya

A watan Janairun 2001 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta yi gwanjon lasisin wayar salula a Abuja, aka tsaya a kan dala miliyan 285 kowane lasisi. Abin da aka sayar a gwanjon izini ne na amfani da wani zango a sararin samaniya, zangon da babu injiniyan da ya ƙera shi. A nan tambayar addini take: abin da Allah Ya halitta kuma kowa ke buƙatarsa, a bisa wane sharaɗi ya halatta hukuma ta damƙa shi ga 'yan kasuwa ƙalilan?

Hadisin da Abu Dawuda da Ibn Majah suka ruwaito ya sanya ruwa da makiyaya da wuta cikin abubuwan da jama'a ke tarayya a kansu. Dalilin da malamai da dama suka hango shi ne, buƙatarsu ta game kowa, kuma asalinsu ba aikin hannun wani ba ne. Ina ganin zangon sadarwa ya cika sifofin nan biyu. A yau ɗalibi ba ya rajistar JAMB sai ta intanet, mai tura kuɗi sai da sabis, matar da naƙuda ta kama cikin dare sai an kira mai mota. Saboda haka lasisi amana ce: hukuma wakiliya ce, kamfani ɗan haya, dukiyar kuwa ta al'umma.

Wani zai ce a bar kasuwa ta yi halinta, domin da aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya ƙayyade farashi a Madina, bai yi ba. Tarihinmu ma ya ƙarfafa wannan magana. Lokacin da NITEL ta yi babakere, layukan ƙasar duka ba su kai rabin miliyan ba. Bayan 2001 ma ana cajin mutane a kan minti cikakke, sai da Globacom ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa, sauran suka bi dole. Gasa alheri ce. Amma kasuwar Madina a buɗe take ga duk mai haja, ita kuwa kasuwar sadarwa hukuma ce ta rufe ƙofarta, ta miƙa mabuɗi ga 'yan tsiraru. Ibn Taimiyya ya yi bayani a littafinsa na Hisba cewa idan aka keɓe sayar da wani abin buƙata ga wasu mutane sanannu, to sa musu ido kan farashi ya zama wajibi. Wanda ya hana wasu shiga kasuwa, shi ke da alhakin kare mai saye.

Wani kuma zai ce kamfanoni sun kafa turaku, sun shimfiɗa wayoyi, suna ƙona man dizal dare da rana, ga faɗuwar Naira. Wannan ita ce hujjar da aka bayar lokacin da NCC ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a Janairun 2025. Fiƙihu bai yi watsi da gumin mutum ba. Wanda ya haƙa rijiya shi ya fi cancanta da ruwanta, amma an hana shi riƙe rarar ruwan alhali makiyayi da dabbobinsa na cikin ƙishi. Riba halal ce ga kamfani. Abin da ba ya halatta shi ne ya kwashe romon birane ya bar ƙauyen da ba ya kawo riba a cikin duhu. Don haka dokar sadarwa ta 2003 ta tanadi asusun USPF domin kai sabis irin waɗannan wurare. Mutanen Zamfara, da aka katse wa layuka a Satumbar 2021 saboda matsalar tsaro, sun ɗanɗani na ɗan lokaci abin da wasu ƙauyuka ke ciki kullum.

Ma'aunin adalcin hukumar sadarwa, a ganina, shi ne halin mutumin da ke hawa bishiya ko tudu kafin ya kira ɗansa. Shi ma yana da rabo a sararin da aka yi gwanjonsa. Ina kira ga malamanmu da su riƙa tambayar inda kuɗin wannan asusu ke zuwa, kamar yadda suke wa'azi kan masu tauye mudu, domin duk wanda aka ba kiwo za a tambaye shi.