Amanar Ɗakin Haya: Nasiha Ga Mai Shirin Tashi

Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwana matasa, abin da ya sa na ɗauki alƙalami a wannan fitowa wani abu ne da ya faru a gidan da nake haya. Wani saurayi maƙwabcina, wanda muke sahu ɗaya da shi a sallar Asuba, ya tashi da dare bai yi wa kowa sallama ba. Da gari ya waye mai gidan, wata tsohuwa wadda ba Musulma ba, ta tarar da ƙofa a buɗe, an cire kwan wuta har da mariƙinsa, gilashin taga biyu a fashe, ga tulin shara a bayan ƙofa, ga kuma kuɗin wuta na wata uku da bai biya ba. Tsohuwar ba ta yi zagi ba. Ta dai dube ni ta ce, "Malam, ashe haka masu salla suke yi?" Wallahi na fi son a ce marina ta yi.

Mun san wahalar shiga ɗaki a Nima da Mamobi da Sabon Zango, da Aboabo da Asawase a Kumasi. Dokar haya ta ƙasar Gana, wato Doka ta 220 ta shekarar 1963, ta hana mai gida ya karɓi kuɗin gaba da ya wuce na wata 6, amma kowa ya san shekara biyu ake nema, kuma ana biya, don in ba ka biya ba wani na bayanka da kuɗinsa a hannu. Saboda haka yawancinmu da ɓacin rai muke shiga, da ɓacin rai muke fita. Shaiɗan kuwa nan yake samun ƙofa. Sai ya ce maka: ai mutumin nan ya cuce ka, kai ma rama. To, bari mu ga abin da Shari'a ta ce.

Malamanmu na mazhabar Malikiyya sun raba kalmomi biyu. Hayar aikin mutum, kamar tela ko magini, suna kiranta ijara. Hayar gida ko gona ko abin hawa suna kiranta kira'i. Wanda ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani a makarantar zaure zai tuna cewa hukuncinsu yana cikin babin ciniki, domin haya ciniki ce: amfanin ɗakin ka saya na wani lokaci sananne da kuɗi sananne. Ɗakin kansa ba ka saye shi ba. Yana hannunka ne a matsayin amana. Kuma Allah Ya buɗe Suratul Ma'ida da umartar muminai su cika alkawura, sannan a aya ta 58 ta Suratun Nisa'i Ya yi umarni a mayar da amana ga masu ita. Ayar ba ta ware mai amana Musulmi daga wanda ba Musulmi ba, ba ta kuma ware mai kirki daga mai tsanani ba.

Ku tuna daren Hijira a shekarar 622 Miladiyya. Kuraishawa sun kewaye gidan Manzon Allah (SAW) suna nufin kashe shi, alhali kayan ajiyar mutanen Makka suna wurinsa. Malaman Sira sun ruwaito cewa ya bar Sayyidina Aliyu a baya domin ya mayar wa kowa da kayansa. Wannan fa tashi ne na dare, na gudun rai, amma ba a tafi da haƙƙin kowa ba. Kai da kake tashi daga Nima zuwa Madina ta Ankara saboda ka sami ɗaki da falo, wane uzuri gare ka?

Tunda ɗan haya amintacce ne, fiƙihu bai ɗora masa biyan duk abin da ya lalace ba. Nan ne mutane da yawa suke ruɗewa, masu gida da 'yan haya duka. Fentin da ya koɗe saboda daɗewa, kwanon rufi da ya yi tsatsa har ya fara yoyo, simintin ƙasa da ya tsage don tsufa, waɗannan ba naka ba ne, na mai gida ne, kuma in ya matsa sai ka biya ya zalunce ka. Abin da ke kanka shi ne wanda ya lalace ta hanyar ta'addi, wato ka yi abin da ba a ba ka izini ba, ko ta hanyar sakaci, wato ka bar abin da ya kamata ka yi. Ka fasa bango don ka saka na'urar sanyaya ɗaki ba da sanin mai gida ba, wannan ta'addi ne. Ka ga famfo yana ɗiga wata da watanni ba ka faɗa ba har bango ya jiƙe ya ruɓe, wannan sakaci ne. Ka hura gawayi a cikin ɗaki har silin ya yi baƙi ƙirin, ko ka bar yara sun farfasa gilashin taga, to ka gyara ko ka biya kafin ka miƙa mabuɗi. Ramukan ƙusa da ka rataye labule da kalanda ma, ɗan siminti kaɗan ya isa ya toshe su.

Abin da ka saya da kuɗinka, kamar fanka ko labule, naka ne, ka tafi da shi. Amma abin da ka tarar, ka bar shi yadda ka same shi. In ka cire makullin mai gida ka sa naka, ka mayar masa da nasa. In kuwa gyara ka yi wanda ba ya ciruwa sai da ɓarna, kamar tayil ko ƙarfen taga, to ku zauna ku daidaita. Na taɓa ganin wanda ya ɗauki guduma ya farfasa tayil ɗin da ya sa don kada mai gida ya amfana. Bai sami kuɗinsa ba, bai sami lada ba, ya kuma bar ƙasar ɗakin ta fi yadda ya same ta muni.

Sai maganar da ta fi damuna, wato kuɗin wuta da ruwa da shara da na kwashe bayan gida. A gidajenmu na tsakar gida ɗaya, sau da yawa mita ɗaya ce ga ɗakuna goma ko fiye, ana raba kuɗin bisa yawan kwan wuta da kayan lantarkin kowa. Idan ka gudu da rabonka, kada ka ɗauka kamfanin ECG ka cuta, ko mai gida. Maƙwabtanka ka cuta: tsohuwar da ke sayar da koko, da bazawarar da ke da marayu, su ne za su haɗa kuɗinka don kada a yanke musu wuta. Wannan bashi ne sosai. Imam Muslim ya ruwaito cewa ana gafarta wa shahidi zunubansa in ban da bashi. Bukhari kuma ya ruwaito cewa an kawo wata gawa, Annabi (SAW) ya ƙi yi mata salla saboda bashin da ke kanta, har sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin biya. In jinin shahada bai wanke bashi ba, to motar kwasar kaya ba za ta wanke shi ba.

Game da sanarwa kuwa, ka duba abin da kuka rubuta a takardar yarjejeniya ka cika shi. In ba ku rubuta komai ba, kuma wannan sakaci ne da ya kamata mu daina tunda aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, to ka bi al'adar gari ka ba shi lokacin da zai nemi wani. Wata tsohuwar da kuɗin ɗakin nan take ci, da shi take sayen magani.

Akwai kuma wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakaninmu: mutum zai tashi, sai ya karɓi kuɗi a hannun abokinsa ya ba shi mabuɗi, mai gida bai sani ba sai dai ya wayi gari ya ga baƙuwar fuska a layin wanka. Gaskiya ne malamai sun yi magana a kan halaccin ɗan haya ya ba wani irinsa haya a cikin ragowar wa'adinsa, amma wannan sai in ba a yi sharaɗin hani ba, kuma ba ya wuce ranar da wa'adin ya ƙare. Wanda lokacinsa ya cika ba shi da abin sayarwa. Ya ci kuɗin abokinsa da ƙarya, ya kuma jefa shi cikin rigima.

Wani zai ce, Malam, ka yi ta magana a kanmu, su masu gidan fa? Ban manta ba. Akwai wanda zai riƙe ragowar kuɗinka na gaba, akwai wanda zai ƙirƙiro ɓarnar da ba ka yi ba. Amma hanyar karɓar haƙƙi a buɗe take: ka fara da dattawan gida, sannan liman ko sarkin zango, in abin ya faskara ka je ofishin Rent Control da rasit ɗinka. Abin da ba ka da shi shi ne ka yanke wa kanka hukunci ka cire ƙofar mutane ka ce ta tsaya a madadin kuɗinka.

Saboda haka ranar tashi ka share ɗakin, ka wanke, ka kwashe shararka, kada ka tura ta cikin kwata. Ka kira mai gida da shaidu biyu ku duba ɗakin tare da rana tsaka, ku karanta mita, ka biya abin da ke kanka a ba ka rasit, ka miƙa mabuɗai duka har da wanda ka yanka wa ƙaninka. Sannan ka bi ɗaki ɗaki ka nemi gafarar maƙwabta, domin shekara biyu a tsakar gida ɗaya ba ta wucewa ba a saɓa ba.

Shi kuwa ɗakin maƙwabcin nan nawa, mu huɗu daga masallacinmu muka haɗa kuɗi muka sa gilashin, muka biya wutar, muka aika masa cewa bashin ya dawo kanmu, ya zo ya biya mu in ya samu. Har yanzu bai zo ba. Bayan mako biyu wani ɗalibina da ya gama makaranta ya zo neman ɗakin. Tsohuwar ta tambayi sunansa, da ta ji, sai ta yi shiru, ta ce ya dawo jibi ta yi shawara da 'ya'yanta.