Idan Iyayenka Sun Zo Maka Sallah a Kaduna

Ya kai ɗan'uwa matashi, Allah ya ba ka aiki a Kaduna, ga Baba da Inna sun taso tun daga Garbadu ta ƙasar Mafara don su yi Sallah a wurinka. To, yaya za ka zaga gari da su?

Garin nan Turawa suka zana shi, suka maido hedkwatar Arewa nan daga Zungeru a 1917. Babu laifi ka kai su Majalisar Lugga, ko gadar ƙarfen da aka kwaso daga Zungeru aka kafa a Gamji. Kallo halal ne. Abin dubawa shi ne tafiyarka. Sau nawa muka ga yaro ya yi gaba taku goma, tsoho na jan ƙafa a baya, don kada abokan ofis su gan shi da baƙauye! Inna ta yi Zamfarci, sai ya harare ta. Wai shi ɗan birni. Alhali a Suratul Isra'i ko tsaki an hana ka yi musu.

Kuma ka gaya wa Baba gaskiya: masu ginin nan su ne suka ci Sakkwato da yaƙi a 1903. Kada ka riƙa nuna masa da alfahari kamar gadon gidanku.

In ya ce ya gaji, a koma gida, yawo ya ƙare. In azahar ta riske ku a Unguwar Sarki, ga Masallacin Sultan Bello nan. Nemo masa buta, ka riƙe masa takalmi.