Haƙuri da Cuta a Littattafan Soyayya

Littattafan soyayya na Hausa, waɗanda suka bunƙasa a Kano tun daga shekarun 1980 kuma a yau matan Yola da Jimeta ke karanta su a wayoyinsu ta WhatsApp, sukan tayar da wata mas'ala ta addini: a ina haƙurin aure yake ƙarewa, zalunci ya fara? A yawancinsu, mijin da ya mari matarsa, ya ƙaurace wa ɗakinta, ko ya bi ta da gori a gaban kishiya, yakan yi nadama a babin ƙarshe, sai a nuna juriyarta ce ta jawo mata nasara. Balaraba Ramat Yakubu ta zurfafa binciken wannan hali a littafinta Alhaki Kuykuyo Ne na 1990, inda Alhaji Abdu ya kori matarsa Rabi da 'ya'yanta, ta koma sayar da abinci domin ta riƙe su, amma daga baya dangi suka matsa mata ta koma gidansa.

Fiƙihun Malikiyya, wanda malaman Fombina, wato yankin Yola, suka gada tun zamanin Modibbo Adama, ya san abin da ake kira darar, wato cutarwa ta duka ko zagi ko ƙauracewa, kuma ya ba alƙali ikon raba auren idan cutar ta tabbata. Saboda haka marubucin da ya mai da shirun wadda aka zalunta ibada ya tauye mata haƙƙin da shari'a ta ba ta, kuma wajibinsa ne ya nuna wa mai karatu cewa kai ƙara ba saɓon Allah ba ne.