Katantanwa A Gaban Kyamara: Ina Adalcin Kallo?

Idan damina ta kankama a Kano, musamman cikin watan Agusta, katantanwa kan fito a gindin katanga da ƙarƙashin shuke-shuken gidajen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni. Yara su kwashe ɓawonta su yi koɗi, manya kuwa su taka ta su wuce. To, da za a ga magidanci ya durƙusa da kyamara yana ɗaukar hotonta, da yawa za su ce ya rasa aikin yi. Shin haka ne kuwa?

Mu duba abin da hoton kusa ke nunawa. Katantanwar tudu tana da ƙahonni huɗu, idanunta kuma suna kan tsinin dogayen biyun. A bakinta akwai wani harshe mai dubban ƙananan haƙora da take kankare ganye da shi. Idan rani ya shigo sai ta shige ɓawonta, ta toshe ƙofar da majinarta, ta kwanta har ruwa ya sauka. Duk wannan yana faruwa a tsakar gidanmu, ba mu sani ba, domin mun yanke mata hukunci tun kafin mu dube ta.

Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. A shekarar 1851 likita Theodor Bilharz ya gano tsutsar da ke kawo tsargiya a birnin Alƙahira, amma sai a 1915 Robert Leiper ya tabbatar da cewa a jikin katantanwar ruwa take girma kafin ta shiga jikin mutum. 'Yar'uwar ta lambu ce, mazauniyar kududdufi, inda yaranmu ke iyo. Da ba a samu masu durƙusawa su duba ba, da har yau muna ɗora wa rana laifin fitsarin jini.

Sai dai kallon kusa yana da nasa haɗarin. Gwargwadon yadda kyamara ta matsa, gwargwadon yadda abin da ke baya yake dushewa. Idon katantanwa ya fito tangaram, ganyen alayyahon da ta cinye wa mai lambu kuwa ya ɓace. Mai hoto bai ƙirƙiri komai ba, amma shi ya zaɓi abin da za a gani, kuma wannan zaɓi amana ce.

'Yan'uwa marubuta, alƙalami ma haka yake. Sau nawa littattafanmu ke kawo kishiya, ko ɗan aike, ko almajiri, a matsayin inuwa kawai a bayan jarumi? Adalci shi ne mu matsa kusa da wanda aka raina har mu ga idonsa, sannan mu ja da baya mu nuna ɓarnarsa idan yana da ita. Wanda ya tsaya a ɗaya daga cikin biyun, rabin gaskiya ya ba mai karatu.