Maganin Icce da Amanar Mai Sayar da Shi

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ƴan'uwa Musulmi, damina ta kama, masassarar sauro ta shigo gidaje, masu lasifika kuma sun cika tashoshi da kasuwanni, daga Maraɗi har Damagaram, kowa da kwalabar jiƙonsa wadda ya ce tana maganin cuta arba'in. Shi ya sa muka ga wajibi ne mu yi magana.

Ba mu musun cewa Allah Ya sanya waraka cikin itatuwa. Buhari ya ruwaito cewa babu cutar da Allah Ya saukar face Ya saukar mata da magani. Ƙaron da ake tsinkowa jikin dakwara a dajinmu, masu haɗa magunguna suna amfani da shi wajen ɗaure ƙwayoyi da kaurara maganin tari. Kinin kuwa daga ɓawon wani icce na Amurka ta Kudu yake, masana biyu suka tace shi a Faransa a 1820.

Amma ku dubi abin da Tirmizi da Ibnu Maja suka ruwaito game da Asma'u ƴar Umaisu. Tana wankin ciki da wani tsiro mai suna shubrum, sai Manzon Allah (SAW) ya nuna mata zafinsa ya yi yawa. Da ta koma ga sana, dangin filaskonmu, ya yaba shi. Dukansu tsirrai ne, amma ya bambanta tsakaninsu. Ina hujjar mai cewa duk abin da ya fito daga ƙasa ba ya cutarwa?

Maganin masassara da ake bayarwa yau a gidan likita, irin su Coartem, asalinsa ganye ne, ɗan'uwan tazargade da ke fitowa a ƙasar Sin. Wata masaniya mai suna Tu Yuyu da abokan aikinta sun gwada ɗaruruwan jiƙe-jiƙe. Ganyen nan wani lokaci ya yi aiki, wani lokaci ya ƙi, har ta gano cewa zafin dafuwa ne ke ɓata shi. A 1972 suka ware sinadarin tsantsa, a 2015 aka ba ta lambar Nobel. Wannan shekaru ne na aune-aune da gwaji, kafin a san nawa za a ba babba, nawa za a ba jariri.

Jiƙon ganyen fa? Ƙarfinsa yana sauyawa da ƙasar da ya tsiro, da lokacin yanka, da yadda aka shanya shi. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba ta goyon bayan shan shi a madadin ƙwayoyin. Idan maganin bai kai ma'auni ba, zazzaɓi ya lafa, uwa ta saki jiki, alhali ƙwayar cutar tana nan cikin jinin yaro. Kuma ƙwayar da ta sha kaɗan-kaɗan ta tsira, ita ce ke yin taurin kai; an riga an ga alamun haka a Ruwanda da Uganda. Cutarwar ba ta tsaya kan gida guda ba ke nan.

Ga masu sayarwa, da yawansu muna sahu ɗaya da su a masallaci: Abu Dawuda ya ruwaito cewa wanda ya yi wa mutane magani ba a san shi da ilimin likitanci ba, lamuni yana kansa. Malamanmu na Malikiyya sun tafi a kan haka. Wanda ya gaji sanin sassaƙe daga iyaye, ya tsaya iyakar abin da ya sani, ba da shi muke ba. Muna nufin wanda ya ga yaro yana suma, ya karɓi jika guda, ya ce a bari sai gobe.

Ga iyaye kuwa, yaron da jikinsa ya yi zafi a kai shi a gwada jininsa a ranar. In an ba da ƙwayoyin kwana 3, a cika kwana 3, ko da ya tashi yana wasa a rana ta biyu, kuma kada a ɓoye wa likita jiƙon da aka riga aka ba shi a gida.