'Yar Gala a Fim: Wa Ake Yi wa Wa'azi, Wa Ake Sayarwa?

A shagunan masu tura fim a waya da ke kewayen Tashar Dukku da Babbar Kasuwar Gombe, ba sai mutum ya san sunan fim kafin ya saye shi ba. Hoton da ke kan allon kwamfuta ya wadatar: yarinya da gashin kanti har gadon baya, ɗankwali ya zame, hannu a ƙugu, bayanta fitilu ja da kore. Matashi ya miƙa waya a zuba masa, ya wuce Pantami ko Jekadafari, sai dare ya yi ya toshe kunne ya kalla. Mai data kuwa YouTube ya ishe shi.

Ko an sauya suna, labarin kusan ɗaya ne. Yarinya ta bijire wa iyaye, ƙawa ta hure mata kunne, ta faɗa gidan gala. Daga nan labari ya tsaya cak, rawa ta karɓi fage. Kyamara ta bar fuska ta gangara ƙasa, ta zauna can ta ƙi tashi. Murya na gabas, leɓe na yamma. Ɗakin da aka ce na magajiya ne, shi ne falon Alhaji na fitowar baya, labule kawai aka sauya. Ana saura minti biyar a tashi sai ciwo ya kwantar da ita, likita ya girgiza kai, uwa ta fashe da kuka, malami ya shigo da carbi ya yi nasiha. In aka tambayi mai fim abin da ya yi, amsarsa a shirye take: faɗakarwa.

Tambayar da ta dace a yi masa ta addini ce kafin ta zama ta sana'a. Shin wanda ya kwashe awa guda yana tallar abu, sannan ya la'ance shi a minti biyar, ya yi wa'azi ke nan? Kuma wa ya ba shi ikon yanke wa yarinyar hukuncin ƙarshe?

Rigimar ba yau ta fara ba. Tun da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano a 1990, finafinan Hausa na bidiyo suka yi ta neman abin da zai riƙe ɗan kallo. Sun same shi a wajen Indiya, wadda finafinanta suka daɗe suna cika silimun Arewa. Bayan Sangaya ya yi kasuwa a 1999, rawa da waƙa suka zama gishirin miya, har 'yan kasuwa kan duba waƙoƙin fim kafin su duba labarinsa. A 2001, bayan ƙaddamar da Shari'a, Kano ta kafa Hukumar Tace Finafinai. A 2007, lokacin da Abubakar Rabo Abdulkarim ke shugabancinta, kotu ta ɗaure Adam A. Zango wata uku saboda faifan waƙoƙinsa mai suna Bahaushiya. Gombe ba ta taɓa zama 'yar kallo daga nesa a wannan harka ba. Kasuwa ce babba ta finafinan, kuma mahaifin Ali Nuhu, wanda ake kira Sarkin Kannywood, mutumin Balanga ne.

Sai dai duk wannan ja-in-jar a kan tufafi ake yin ta: ina riga ta tsaya, ina mayafi ya sauka, hannu ya taɓa hannu ko bai taɓa ba. Abu ne mai sauƙin aunawa, shi ya sa mai tacewa ya fi son sa. Ba a cika jin an tuhumi fim da cewa ya mai da mace abin da ba mutum ba.

Ga shi kuwa laifin da ya fi yawa ke nan. 'Yar gala ta fim ba ta da jiya. Ba a san ko an taɓa yi mata aure ba, ko sakin wulaƙanci aka yi mata, ko tana da ɗa a hannun kaka da take aika wa kuɗin makaranta. Ba ta jin yunwa, ba ta biyan haya, ba ta gajiya. Dariyar mugunta take yi da taunar cingam har ranar da ciwo zai kama ta. Alhali duk wanda ya zauna a Arewa ya san ƙofofin da ke kai mace irin wannan waje. Mutuwar aure ta yi yawan da sai da gwamnatin Kano da Hisba suka fara aurar da zawarawa a taro a 2012. Gombe kanta ta karɓi dubban mutanen da rikicin Boko Haram ya koro daga Borno da Yobe, cikinsu har da mata da 'yan mata da ba su da mai tsaya musu. Ba kowace mai rawa ce talauci ya kora ba. Akwai wadda son duniya ya ja, akwai kuma wadda rawar kanta take so. Amma ko wannan bambancin fim ɗin bai san da shi ba, domin bai taɓa tsayawa ya dube ta ba.

Wani kuma da ba a gani shi ne namiji. Gidan gala ba ya tsayuwa da mata kaɗai. Akwai mai gidan da ke karɓar kuɗin ƙofa, akwai mai sa kiɗa, akwai kawali, akwai jerin masu liƙi da suka bar iyali a gida ba cefane. A fim, waɗannan duhu ne kawai da hannuwa masu watsa kuɗi. Ba wanda ciwo ke kamawa a cikinsu. In ma an nuna ɗaya, sai a ce shi ne aka yaudara, ya koma wa uwargida ta yafe masa, a yi dariya a rufe.

Wanda ya ce da sunan addini yake wannan, sai a buɗe masa littafin da yake fakewa da shi. Suratu Yusuf ta ba da labarin mace da ta nemi namiji da alfasha, kuma ba ta ɓoye komai na ma'ana ba: an kulle ƙofofi, an yi tsere, riga ta yage ta baya. Amma ba inda aka tsaya siffanta jikinta, ba inda aka jinkirta don mai sauraro ya ji daɗi. Sannan ba a kashe matar Azizu don a huce ba. An bar ta da ranta da bakinta, har ta tsaya gaban sarki ta wanke Annabi Yusuf, ta amsa laifinta da kanta. Ibn Kasir ma ya rinjayar da cewa maganar da ta biyo baya, wadda ke nuna yadda rai ke yawan umurni da mummuna, daga bakinta ta fito. Wato mai laifin ce aka bai wa ɗaya daga cikin jumloli mafi zurfi a surar.

Suratun Nur ta fi kusa da batun. Aya ta 19 ta yi kashedi ga masu son alfasha ta yaɗu a tsakanin muminai, kuma ba ta ware wanda ya liƙa nasiha a ƙarshen hajarsa ba. Umurnin runtse ido a aya ta 30 da maza ya fara, kafin aya ta 31 ta juya ga mata. Kyamara kuwa ido ce, kuma a mafi yawan lokuta namiji ne ke riƙe da ita. Aya ta 33 ta hana tilasta wa kuyangi karuwanci don neman abin duniya. Muslim ya ruwaito cewa ta sauka ne a kan Abdullahi bin Ubayyu, wanda ke tura bayinsa mata su nemo masa kuɗi. Wanda ke cin riba ayar ta kama, su kuwa waɗanda aka tilasta ta yi musu bushara da gafara.

Hadisai ma haka. Buhari da Muslim sun kawo labarin karuwar Bani Isra'ila da ta ga kare zai mutu da ƙishirwa a bakin rijiya, ta cire takalminta ta ɗebo masa ruwa, aka gafarta mata. Da Halid bin Walid ya zagi Bagamidiyar da ta kawo kanta a tsayar mata da haddi, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawata masa, ya shaida girman tubanta, ya kuma yi mata salla. A duk waɗannan ba a halatta zunubi ba, ba a kuma ƙwace wa mai zunubi mutuntakarta ba. Marubucin da ke aika wa kowace mai rawa ciwon ajali ya ɗora wa kansa aikin da ba a ba shi ba, ya kuma koya wa masu kallo cewa duk mai irin wannan ciwo hukunci ne ya same ta. Matan aure da yawa da suka ɗauki cuta a ɗakin mijinsu su ke biyan kuɗin wannan darasi a unguwa.

Masu fim suna da hanzari, kuma ba duka ne na banza ba. Jari kaɗan ne, satar fasaha ta karya kasuwar faifai, YouTube kuma yawan masu kallo yake biya, ba kyawun labari ba. In ba rawa, in ji su, ba mai dannawa. Amma rashin kuɗi ba shi ne tushen matsalar ba. A 1995 Amurka ta fitar da Showgirls na Paul Verhoeven, kan masu rawar tsiraici a Las Vegas, da kuɗi wajen dala miliyan 45. Daraktan ya ce tona asirin harkar yake yi. Masu sharhi suka ce hajar da yake zagi ita yake sayarwa. Fim ɗin ya faɗi a silima, ya kwashe kyaututtukan fim mafi muni na shekarar. Bayan shekara biyu Verhoeven ya fito da wani babban fim, ita kuwa jarumar, Elizabeth Berkley, ta daɗe tana fama kafin ta farfaɗo.

Wannan rabon rashin adalci sananne ne a nan gida. A Oktoban 2016 ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori Rahama Sadau daga Kannywood saboda fitowarta a bidiyon waƙar ClassiQ, mawaƙin Jos. Sunanta ne ya cika gari, ba nasa ba. Yarinyar da aka ɗauka ta taka rawar 'yar gala ba ita ta rubuta labari ba, ba ita ta zaɓi kaya ba, ba ita ta saita kyamara ba. Amma ita za a nuna a gidan biki, ita dangin saurayi za su ce ba a kawo musu 'yar fim ba. Furodusa kuwa ya sayi mota, ya je Umara, a kira shi Alhaji.

Ba kuma gaskiya ba ne cewa ba a iya ba da irin wannan labari da mutunci. Indiyar da aka kwaikwayo rawarta ta yi Umrao Jaan a 1981, inda Rekha ta fito a matsayin yarinyar da aka sato daga Faizabad aka sayar a Lucknow. Mai kallo ya san gidansu, ya san wanda ya sace ta, ya ga ranar da ta koma ɗan'uwanta ya ƙi karɓarta. A Kano kuwa, Balaraba Ramat Yakubu ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne, inda Alhaji Abdu ya auro karuwa ya kori Rabi da 'ya'yanta. Marubuciyar ba ta wanke amaryar ba, amma ta bi sawun alhakin har ƙofar wanda ya ɗauko shi, wato maigidan.

Malaman da ke cewa a rufe harkar fim gaba ɗaya da masu fim da ke cewa a ƙyale su da kasuwarsu sun haɗu a wuri guda ba tare da sun lura ba: dukansu jikin yarinyar suke gani. Gombe gari ne na malamai da wa'azinsu ke kai wa ko'ina a ƙasar nan, ga jami'ar jiha tun 2004, ga matasa masu kyamara da ke ɗaukar bukukuwa da gajerun finafinai. Duk wanda a cikinsu ya so yin fim a kan mai rawa, aikinsa na farko ba ya buƙatar jari. Ya nemi izinin ɗaya daga cikin masu rawar ya saurare ta da rana, lokacin da ba kwalliya: nawa ake ba ta a dare, nawa mai gida ke cirewa, wa ke kai ta gida in an tashi, wa ke riƙe mata ɗa, me take gaya wa mahaifiyarta a waya. Sannan ya juya kyamara ya ɗauki fuskokin masu liƙi, ya bi ɗayansu har gida.