Amai Da Gudawa A Gidan Haya: Mu Ɓoye Ko Mu Faɗa?

Akwai tambaya guda wadda ta kamata mu Masu Bi mu yi tunani a kanta, musamman mu da muke neman abinci a masana'antun Kano, wato Bompai da Sharaɗa da Challawa. Yawancinmu a gidan haya muke, iyali biyar ko shida a tsakar gida ɗaya, masai ɗaya, rijiya ɗaya. To, ran da amai da gudawa suka shiga ɗakinmu, daidai ne mu saki labule mu yi shiru, ko kuwa wajibi ne mu gaya wa maƙwabta?

Bari mu fara sanin abin da muke fama da shi. Sau da yawa wata ƙwayar cuta ce wadda ido ba ya gani, likitoci suna ce da irinta bairos. Ɗaya sunanta rota, ita ce ta fi wahalar da jarirai. Wata masaniya, Ruth Bishop, da abokan aikinta suka gano ta a ƙasar Ostiraliya a 1973. Ɗayar kuwa noro, ba ta barin babba balle yaro. Mukan ɗora laifi a kan ruwan majema da ke gangarawa Kogin Challawa, ko dattin Bompai da ke bin rafin Getsi zuwa Jakara. Ruwan nan mugu ne, ba shakka, amma wannan ƙwaya daga cikin mutum take fitowa, ta bi kashi da amai, ta hau hannu da buta da murfin randa, ta shiga bakin wani. Mai ɗauke da ita yana iya ba wani ko bayan ya ji sauƙi.

Mai ɓoyewa yana da hujjarsa, kada mu raina ta. Na fari kunya, gama ba mai so a ce matarsa ƙazama ce. Na biyu tsoron baki, kada a ce sammu ne, ko kuwa Allah ne yake hukunta gidan. Na uku ya fi duka nauyi, shi ne abinci. Leburan da ake biya kullum, in bai je aiki ba, ba a ɗora tukunya. Macen da take sayar da shinkafa da wake a ƙofar kamfani, in aka ji ɗanta yana zawo, wa zai saya?

Batun hukunci, Ubangijinmu ya riga ya warware shi. Cikin Yohanna sura 9 almajirai suka ga wanda aka haifa makaho, suka fara neman mai laifi, shi ko iyayensa. Yesu ya ƙi bin wannan hanya, ya warkar da mutumin. Idan haka ne, wanda ya ga cuta a ɗakin ɗan'uwansa ya fara ƙidaya zunubansa, shi ne yake koya wa mutane ɓoyewa, alhakin abin da ya biyo baya kuwa yana da rabo a ciki.

Kunya fa? Kunya ado ce, amma ba a ba mu ita domin ta kashe ɗan maƙwabci ba. Mu duba Kubawar Shari'a sura 23, inda aka umurci Isra'ilawa su keɓe wuri a bayan zango, kowa ya riƙe abin tona ƙasa ya rufe abin da ya fito daga cikinsa. Allah bai ji kunyar faɗin wannan ba. Ashe abin da muke yi a masai ba namu kaɗai ba ne, na dukan zangon ne. Ƙato mai ƙarfi yakan kwanta kwana biyu ya tashi, amma jaririn ɗakin da ke kusa yana iya bushewa cikin yini guda. Da uwarsa ta sani, da ta tafasa ruwa, ta hana shi rarrafe a tsakar gida. Shirunmu ya ƙwace mata wannan dama. Shirun da ke sa wani ya faɗa rami, ɗan'uwan ƙarya ne.

Saura batun abinci, nan ne maganar ta juyo kanmu duka. Abu mai sauƙi ne mu ce wa 'yar'uwa ta bar tallan abinci sai bayan kwana biyu da tsayawar cikin, kamar yadda likitoci suke faɗi. Amma wa zai ciyar da 'ya'yanta a kwanakin nan? In ekklesiya ta ba da umurni ba ta ba da mudu ba, ta ɗora wa matalauci kayan da ita ba ta taɓa ba. Saboda haka gaskiyar mai ciwo da taimakon ekklesiya tare suke tafiya. Bari dattawa su ware wani abu daga cikin baiko, Zumuntar Mata su kai kunu da ruwa, kada kuma a tsallake maƙwabcin da ba Mai Bi ba, gama masai ɗaya muke shiga.

Ga abin da kowane gida zai iya. A zuba ƙaramin cokali 6 na sukari, a shafe, da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, ko a yi amfani da ƙunshin da ake samu a kemis. A riƙa ba mai ciwo kaɗan kaɗan, ko yana amai. Kada a raina wannan ruwa, gama da irinsa Likita Dilip Mahalanabis ya ceci 'yan gudun hijira masu kwalara a Indiya a 1971. Uwa kada ta hana nono, kada kuma ta ce haƙori ne ta zauna. A roƙi ƙwayar zinki a asibiti, ana ba yaro kwana 10 zuwa 14. Kafso ba ya kashe bairos. A wanke hannu da sabulu, a wanke masai da bilic, a ware wa mai ciwo kofinsa. Tun 2022 gwamnatin Nijeriya ta sa rigakafin rota cikin na jarirai, ɗigawa ake yi a baki, mu kai su.

In idon yaro ya zurma, maɗigarsa ta faɗa, fitsari ya ɗauke, ko an ga jini, sai asibiti nan da nan. In kashin ya zama kamar ruwan shinkafa, wataƙila kwalara ce, a garzaya Asibitin Zana. Mu yi addu'a, amma mu yi ta muna tafiya.

'Yan'uwa, mai faɗin gaskiya zai ji kunya ta yini ɗaya, wataƙila ya yi hasarar kuɗin kwana biyu. Mai ɓoyewa kuwa yana caca da ran da ba nasa ba. Ubangiji ya ba mu zuciyar faɗi, ya sa mu zama irin maƙwabtan da ba a tsoron gaya musu.